College Park na Toronto: kantin da ya koma kotu, ni dai tauraro huɗu na ba shi

Ranar da na fara taka ƙafa a ginin nan ba sayayya ce ta kaini ba, shari'a ce. A 2018 ne, wani dattijo maƙwabcinmu ya buga min ƙofa bayan sallar asuba yace don Allah in raka shi, yaronsa ya kwana a hannun 'yan sanda kuma ance da safen nan za a kawo shi gaban alƙali, shi kuma turancin nasa iyakarsa gaisuwa da tambayar farashi. Takardar hannunsa an rubuta 444 Yonge Street, hawa na biyu. Toh ni a raina kotu ai kotu ce, gini mai tuta da matakala da ɗan sanda a bakin ƙofa yana muzurai. Muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar College, muka bi ayarin mutane ta wata ƙofa, kawai sai gamu tsakiyar masu sayar da kofi da burodi, ƙamshin soyayyen dankali ko ta ina, ga wata tsohuwa tana tura keken cefane cike da kabeji da madara.

Dattijon ya tsaya cak yace, "Ɗana, anya ba ɓata muka yi ba? Nan ai kasuwa ce."

Nace Baba wallahi nima abinda idona ke nuna min kenan, amma lambar gidan ita ce.

Ashe bamu ɓata ba. Kotun tana sama, kasuwa tana ƙasa, gini ɗaya. Kuma hawa na biyu a lissafinsu shine hawa na ɗaya a namu, don su daga ƙasa suke fara ƙirga ɗaya, wannan ma sai da ya sa muka wuce muka dawo.

Kana hawa sai yanayi ya canza kamar an kashe rediyo. Layin bincike, ka cire bel da makullai da waya ka zuba a faranti, ka bi ta ƙofar na'ura, sai doguwar baranda da benci benci, kowa ya rungumi takardarsa. Iyaye mata, samari da suka aro kwat ɗin da ta fi ƙarfinsu, lauyoyi suna jan jaka mai taya suna magana ƙasa ƙasa. Kotun manyan laifuka da ƙanana ce ta lardin Ontario, kuma akwai lauyoyin agaji da ke tsaya wa wanda bashi da lauya kyauta, ɗaya daga cikinsu ce ta zaunar damu tayi mana bayanin yadda tsayawa beli yake a nan: mai tsayawa zai yi alkawarin wani adadin kuɗi, yawanci ba a karɓa a hannu, amma in yaron ya karya sharaɗi to kotu na iya binka bashinsu, kuma kai ne zaka zama ido a kansa. Na fassara wa Baba yace ai wannan ba sabon abu bane, dama shi ke ciyar dashi. Abinda ya tayar masa da hankali shine da yaji cewa da sunan Sarauniya ake shigar da ƙara, lokacin Elizabeth na da rai. Ya kama hannuna yace, "Sarauniyar Ingila da kanta take ƙarar ɗana? Me ya mata?" Sai da na lallashe shi cewa haka suke rubuta duk wata ƙara ta laifi, ita bata ma san da zamansa ba. Wanda ya saurari belin ma ba babban alƙali bane, irin masu koren ɗamara ne a kafaɗa, manyan alƙalan kotun ja suke ratayawa. Wajen la'asar aka sako yaron, muka sauko ƙasa, a ginin dai, muka saya masa abinci yana ci hannunsa na rawa.

Tun ranar abin ya tsaya min a rai, wai ta yaya kotu ta tare a saman kanti. Da na bi diddigi sai na gane ai kantin ne mai gida, kotu baƙuwa ce.

Ginin na kamfanin Eaton ne. Wanda ya girma a Kano ko Kaduna zamanin Kingsway da Leventis zai gane irin kantin, inda zaka shiga ka fito da komai daga allura har gadon kwana, sai dai shi Eaton a Kanada ya wuce nan nesa ba kusa ba, akwai lokacin da babu kamarsa a ƙasar kaf. Timothy Eaton ne ya kafa shi a 1869 a nan Toronto, ɗan ci-rani ne daga arewacin Ailan, kuma ya shigo da abu biyu da ba a saba dasu ba a lokacin: farashi ɗaya ba ciniki ba bashi, sannan in kaya basu maka ba ka dawo dasu a baka kuɗinka. A 1884 suka fara buga littafin kaya mai hotuna da ake aikawa ƙauyuka, manomi yana can cikin dusar ƙanƙara zai zaɓi abinda yake so a aiko masa ta jirgin ƙasa, har gida sukutum suna sayarwa a wargaje kazo ka harhaɗa abinka. Mutumin mai riƙo da addininsa ne sosai, ba a sayar da taba a kantinsa, ranar Lahadi kuma labule ake ja a tagogin nunin kaya don kar ma ido ya yi sayayya.

A lokacin babban kantinsu yana can kudu wajen titin Queen. Sai magadansa suka ƙudurta cewa zasu janyo zuciyar kasuwar Toronto zuwa arewa, suka dinga sayen filaye a mahaɗar Yonge da College, har babban abokin hamayyarsu Simpson's suka yi wa tayin fili ya taho tare dasu, yace a kai kasuwa. Shirin da suka zana ba na wasa bane, murabba'in ƙafa miliyan 5 da dogon bene a tsakiya, so suke ya zama babu irinsa a duniya wajen haɗa kanti da ofisoshi. Aka fara gini a 1928. Ana cikin aiki a Oktoban 1929 kasuwar hannun jari ta ruguje a Amurka, talauci ya mamaye duniya, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Abinda aka iya kammalawa shine hawa bakwai, kusan murabba'in ƙafa 600,000, aka buɗe ranar 30 ga Oktoba 1930. Wato wannan ƙaton ginin da kake gani yau har wuyanka ya gaji, kusurwa ɗaya ce kawai ta abinda suka so yi.

Kuma kasuwar bata biyo su ba. Kayan ɗaki suka fi zubawa a nan, kujeru da gadaje da labule da darduma, mutane kuma suka ci gaba da tururuwa a Queen, har sai da kamfanin ya sa bas tana jigilar masu sayayya tsakanin kantunan biyu kafin a buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a 1954. A 1977 suka buɗe babbar cibiyar kasuwanci ta Eaton Centre a can kudu, suka rufe wannan suka sayar. Sabbin masu shi suka raɗa masa College Park, suka yanka ƙasa zuwa ƙananan shaguna, suka yi gidajen haya, gwamnatin lardi kuma ta kama wuri ta zuba ɗakunan shari'a. Hedikwatar 'yan sandan Toronto ma tana nan a titin College lamba 40, taku kaɗan ne. Shi kamfanin Eaton ɗin kansa a 1999 ya karye, kamfanin Sears ya saye abinda ya rage, yau sunan ne kawai ya saura a jikin Eaton Centre.

Yanzu kuma kotun ma ta tashi. A 2023 aka buɗe sabon gini a Armoury Street lamba 10, hawa 17 da ɗakunan shari'a 63, aka tattaro kotunan laifi da ke warwatse a gari aka haɗa su can, har da ta College Park. Saboda haka don Allah in kana da tsohuwar takarda mai 444 Yonge kar ka biye mata, duba sabuwar da aka baka.

Toh abinda ya sa na zauna rubuta wannan shine kwanakin baya Gwaggona tazo ganin jikoki, na rasa inda zan kaita da ba sanyi, nace bari in kaita can. Ita kuma mace ce da bata yarda da abu sai ta taɓa. Tun daga waje ta tsaya ta kafa wa bangon ido. Dutsen ba fari bane ba kuma ruwan ƙasa ba, launin hauren giwa ne mai dabbare dabbare kamar an zuba kunu a kan tuwo ya bushe, daga lardin Manitoba aka kwaso shi, Tyndall suke ce masa, kuma in ka matsa kusa ka nutsu zaka iya ganin sawun ƙananan halittun ruwa na tun fil azal da suka daskare a ciki. Ta shafa ta shafa tace, "Kai ɗan nan, wannan ba siminti bane." Nace Gwaggo dutse ne, kuma ya haura shekara 90 a tsaye a nan. Tace ai ta gani, wanda ya gina bai yi niyyar ya gudu ba.

Firam ɗin ƙofofi da tagogi wani ƙarfe ne mai ruwan azurfa, gamin nikel da tagulla da ake kira monel, baya tsatsa, an masa zane zane na ganye da layuka irin salon shekarun 1920. A ciki kuma wurin da nafi so shine barandar da lif lif suke, marmara daga Turai a bango, sama tayi nisa, in ka tsaya a nan ka rufe kunnenka daga hayaniyar ƙasa zaka ga kamar yanzu wata mata mai hula da safar hannu zata fito daga lif da yaro yana biye da ita da kaya. Da na bawa Gwaggo labarin labulen ranar Lahadi da hana sayar da taba sai tace, "Ashe dai mutumin kirki ne, Allah bai nufe shi da musulunci bane kawai." Da na ce mata saman nan da kotu ce har na taɓa rako wani, ta riƙe baki tace to masu saye suna jin kukan masu shari'a? Nace ko kaɗan, da yawansu ma basu san tana nan ba. Wannan ne ya fi bata mamaki fiye da dutsen.

Maganar sayayya kuwa, gaskiya kar ka taso daga nesa saboda ita. Lokacin da muka je akwai Winners, masu sayar da kayan sawa da na gida a farashi mai sauƙi, akwai babban shagon cefane na Metro a ƙasa, da wurin cin abinci, da ƙananan shaguna irin wanda zaka samu a kowace unguwa. Ba laifi, suna biyan buƙata, ma'aikatan ofis da ɗalibai da mazauna benayen kewaye sune masu wurin. Gwaggo ta samu tawul da wani bargo mai laushi tana ta murna, ta nemi ta taya nace Gwaggo nan ba a tayi, tun 1869 mai gidan ya hana. Amma dai in ka tuna cewa an gina wurin ne don a sayar da kujerun alfarma ga masu hannu da shuni, sai kaga kamar doki ne aka ɗaura wa amalanke. Sashen ƙasa kuwa bashi da alaƙa da kyawun sama, rufi a kusa da kai, fitilu farare, zaka iya ratsa shi shekara goma kullum zuwa aiki baka taɓa sanin a ƙarƙashin me kake tafiya ba. Anan tauraro ɗaya ya zube a wajena. Abinci kuma in kana kiyaye halal ka tambaya kafin ka saya, kamar ko ina a garin nan. Wani mai shayi da ba zan kama suna ba ya miƙo mana ruwan ɗumi da jakar ganyen shayi a gefe, Gwaggo ta kurɓa ta ajiye tace wannan ai ruwan alwala ne.

Amma hawa na bakwai, nan ne maganar take.

Matar Sir John Craig Eaton, ɗan shi Timothy, wadda ake kira Lady Eaton, ita ta riƙe sha'anin wuraren cin abinci na kamfanin bayan rasuwar mijinta a 1922. Tana yawan tafiya Turai a jirgin ruwa, kuma tsarin ɗakunan jirgin Faransa mai suna Île de France ya burge ta, sai ta ɗauko wani mai zanen gini Bafaranshe, Jacques Carlu, tace ya mata irinsa a saman kanti. Shi ne daga baya yana cikin waɗanda suka zana Palais de Chaillot da ke kallon hasumiyar Eiffel a Faris, kuma shi ya mata na kantinsu na Montreal a hawa na tara. A 1931 aka buɗe: doguwar baranda kamar ta cikin jirgin ruwa, zauren taro mai cin mutum sama da 1,000, da ɗakin cin abinci mai siffar da'ira.

Sau ɗaya na taɓa shiga, wajen wata liyafar ƙarshen shekara ta wurin aikinmu, don yanzu haya ake bayarwa na biki da taro, ba wai kawai ka danna lif ka hau bane. Ɗakin da'irar nan komai nasa zagaye yake, bango zagaye, rufi zagaye zagaye kamar ka jefa tsakuwa a rijiya, a tsakiya kuma maɓuɓɓugar ruwa ta gilashin Lalique da haske ke fitowa daga ƙarƙashinta. Zanen da ke jikin bango matarsa Natacha ce tayi. Ina tsaye da farantin abinci a hannu na manta ma da yunwa nake ji, abokan aiki suna ta ɗaukar hoto ni kuma lissafi nake cewa hawa biyar a ƙarƙashin tafin ƙafata ne muka zauna da Baba a kan benci muna jiran a kira sunan yaronsa. Zauren taron kuma sauti ne dashi na ban mamaki, mutum na magana a gaba ba tare da ɗaga murya ba kana ji a baya. Ƙungiyar rawar bale ta ƙasar Kanada a nan tayi wasanta na farko a 1951, kuma shahararren mai kaɗa fiyano ɗin nan Glenn Gould ya daɗe yana naɗar sautinsa a ciki saboda yadda ɗakin ke riƙe amo.

Abin dariyar shine da ƙyar hawan nan ya sha. Bayan an rufe kanti, masu ginin na lokacin suka so su farfasa shi su mayar ofisoshi, hukumar birni tace a'a kayan tarihi ne, aka tafi kotu, a 1986 hukunci ya fito cewa ba za a taɓa shi ba. Kafin nan ma a 1983 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin wuraren tarihi na ƙasa. Toh an hana rushewa amma ba a gyara ba, aka garƙame ƙofa aka barshi da ƙura sama da shekara 20, sai a 2003 aka sake buɗe shi bayan gyara aka sa masa suna The Carlu. Kaga ginin da ake shari'ar mutane a cikinsa shima sai da aka yi tasa shari'ar, kuma yaci.

Ga wanda zai je: jirgin ƙarƙashin ƙasa layin Yonge ka sauka a College, ƙofa tana shigar dakai ciki kai tsaye ba sai ka fita sanyi ba, ko taragon kan titi mai lamba 506. Mota kam ban baka shawara ba, fakin a tsakiyar Toronto kuɗi ne. Amma kar ka tsaya a ƙasa, ka hau ka fita waje ka tsallaka titi ka juyo ka kalle shi daga can, daga nan ne zaka ga girmansa, duk da dogon benen Aura mai hawa kusan 80 da ke kudu dashi ya mayar dashi kamar ƙaramin yaro. In ka lura titin Carlton yana ɗan lanƙwasowa kafin ya haɗu da College, da can basa kallon juna, zuwan kantin ne ya sa aka daidaita su. Ka ɗan taka gabas kaɗan kuma zaka ga Maple Leaf Gardens, tsohon filin wasan hoki na 1931, kamfanin zane ɗaya ne ya zana su wato Ross and Macdonald, filin ma daga hannun Eaton aka saya, shima yanzu ƙasansa shagon cefane ne. A bayan College Park kuma akwai ɗan lambu da hanyar zamiya kan ƙanƙara mai sunan Barbara Ann Scott, wadda ta ciwo wa Kanada zinare a gasar Olamfik ta 1948, lokacin zafi wuri ne mai daɗin zama, lokacin sanyi yara na ta zamewa suna faɗuwa.

Nan muka zauna da Gwaggo muka ƙarasa yinin, ta buɗe bargon da ta saya ta lulluɓe ƙafafunta tun ba a je gida ba. Ta ɗaga kai tana ƙirga tagogi da yatsa har ta kai bakwai, tace wai yanzu duk yawon nan da muka yi ba zan kaita ɗakin da'irar ba? Nace Gwaggo sai dai in wani ya gayyace mu biki. Tace to ga ƙanwarka nan bata yi aure ba, ka tambayo mana nawa ne hayar.

Na tambayo. Har yau ban gaya mata ba.